Muryar Kakana da Na Ba Kamfani

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina mamakin masu ƙarfin halin tona asirin kansu, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan bi sahunsu ba. Ina roƙo a sakaya sunana. Ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, don mafi yawan waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma duk sun fi ni gaskiya.

Lokacin da abin ya faru ni budurwa ce 'yar Madarumfa, mai kaifin baki da son a ce ta iya. Na yi lakwal, wato boko, har na samu takardar aikin jarida a Maraɗi, na dawo gida ina karanta gaishe-gaishen masu saurare a wani ƙaramin gidan rediyo. Ana yaba muryata, ni kuwa na kwashi yabon nan na ɗora a ka. Ana nan sai wani kamfanin fasaha daga Yamai ya zo neman wanda zai riƙe masa hulɗa da jama'a a yankinmu. Aikin kamfanin shi ne tura saƙon murya ta wayar salula. 'Yan kasuwa suna jin farashin hatsi da wake da gujiya a kasuwanni, ƙungiyoyin manoma kuma suna jin hasashen ruwan sama da na'urorin kamfanin ke yi. Aka ɗauke ni, aka ba ni moto, wato babur, da sabuwar waya da ɗan biro, wato ofis, kusa da kasuwa, har da kujera mai juyawa. A watannin farko ko gaisuwa sai na ga dama nake amsa ta da kyau.

'Yan kasuwa ba su ba ni wahala ba. Mutum zai ji farashin tiya a waya, ya shiga mota ya je Ɗan Issa ya tarar haka ne, gobe shi da kansa zai kawo abokinsa. Manoma ne suka gagare ni. Muryar da ke karanta musu labarin ruwa ta wata yarinya ce da ta tsinci Hausa a birni, tana jan kalmomi kamar mai karanta takardar asibiti, da sun ji ta fara sai su kashe. Na yi yawo ƙauye-ƙauye ina bayanin tauraron ɗan Adam da yadda yake hango hadari tun yana nesa. Su saurare ni cikin ladabi, su dama mini fura, in na gama su ce ruwa dai na Allah ne, maganar shuka kuwa suna da wanda suke tambaya. Daraktanmu, wani matashi mai kirki amma mai gaggawa, kowane mako sai ya bugo daga Yamai yana tambayar me ya hana manoma saurare. Ran nan ya ce mini ya gane matsalar: mutane ba na'ura suke yarda da ita ba, mutum suke yarda da shi, saboda haka in nemo wanda in ya yi magana ba a musa masa. Ban yi wani dogon tunani ba, don mutumin nan ɗan gidanmu ne.

Kakana ne, mahaifin mahaifiyata, a wani ƙauye da ke kan hanyar Sarkin Yamma. Ba shi da rawani, ba shi da dukiya, amma tun kafin a haifi uwata shi ake jira ya ce a yi shuka. Yadda yake yi kuwa kowa ya sani. In ruwan farko ya sauka, da safe zai fita gonarsa shi kaɗai, ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu ya ga iyakar inda danshi ya kai, ya dunƙula ta ya shaƙa, ya dubi ganyen gawo da inda iska ke fitowa, ya ƙirga watan manoma a yatsunsa. In bai gamsu ba sai ya karkaɗe hannu ya koma gida, ko da kuwa ruwan ya cika fadama. In ya gamsu sai ya ɗauki sungumi ya yi saran farko a gonarsa, ya zuba nasa irin ya take da ƙafa, sannan ya juyo ya ce ruwa ya yi, a fita shuka da sunan Allah. Bai taɓa furta kalmar nan ba sai irinsa yana cikin ƙasa. Ƙauyukan kewaye kan aiko mutum a kan jaki ko keke ya jiyo. Yakan yi kuskure, ya sha yi ma, amma ba wanda ya taɓa ganin laifinsa, domin in an yi asara da shi aka yi.

Tsakanina da shi kuwa wasan jika da kaka ne, mai zafi. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa angon da ba haƙori. In na je sai ya ce ina tuwonsa, wace irin mace ce wannan da ba ta da aiki sai yawo a kan moto, ni kuma in ce ba tuwo sai ya cika sadaki. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wasan nan, ya kuma san jika ba ta roƙon kakanta abu a cikin wasa ya hana ta. Ta wannan ƙofa na shiga masa.

Wata Juma'a da hantsi na je da goro da sukari, na same shi a zaure yana gyaran ƙotar sungumi. Na ce masa yau toshi na zo karɓa, kuma muryarsa nake so. Ya yi dariya ya ce daman ita kaɗai ta rage, haƙora sun tafi, ido ya kama hanya, in kwashe ta ita ma. Na kanga masa waya, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ƙauyensu, ya ce jama'a su saurari abin da jikarsa ta kawo musu, Allah ya ba da damina mai albarka. Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Sai na ce ya faɗa mini yadda yake cewa in lokacin shuka ya yi, in ajiye don tarihi, tunda tsoho ba shi da tabbas. Ya ce wato har na fara shirin takaba ke nan. Ya gyara murya ya faɗi kalmar nan tasa, yana gamawa muka kwashe da dariya mu biyu. Ban faɗa masa abin da za a yi da ita ba. Na ce dai gaisuwa ce irin ta rediyo, shi kuma bai tambaya ba, don ba wanda zai zauna yana yi wa jikarsa tambayar alƙali.

Na tura maganganun nan biyu Yamai. Masu haɗa na'ura suka yanke dariyar, suka share carar zakara da ta shiga ciki, suka sa sallamarsa a farkon kowane saƙo, ni na karanta hasashen a tsakiya da muryata. Kiran shukar kuma suka ajiye shi gefe, duk ranar da aka ga dama a danna a liƙa shi a ƙarshe. Da suka kunna mini gwaji na ji yadda abin ya zauna daram, kamar yana tsaye a bayana yana sa hannu a kan maganata, har tafi na yi. Manoma suka daina kashe waya. A majalisa sai ka ga an kewaye waya ɗaya ana cewa a yi shiru tsoho zai yi magana. Darakta ya kira ni Yamai, aka yi mini tafi a taron ma'aikata, aka ce sauran jihohi su koyi dabarata. Kakana ba shi da waya, amma labari ya je masa. Ya ce da ni ashe amarya ta mai da shi ɗan rediyo da tsufansa, saura a kawo masa tabarau.

Sai ga ruwa ya zo da wuri a shekarar, tun watan shuka bai kama sosai ba. Ruwa ne mai ƙarfi, har tafkin garinmu ya motsa. Da sassafe takardar hasashe ta iso wayata da Faransanci, aikina in mai da ita Hausa in karanta. Ina so a fahimce ni a nan, don shi ne abin da ya fi ci mini rai: na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta ce ruwa mai yawa ya sauka, mai yiwuwa ya ci gaba, amma kuma mai yiwuwa ya ɗauke ya daɗe bai dawo ba, a yi hattara. Ni ce na dubi maganar na ga ta yi tsawo. Na riga na lura in saƙo ya cika wataƙila da mai yiwuwa mutane ba sa jin daɗinsa, darakta ma ya sha faɗa cewa magana mai rawa ba ta kawo kasuwa. Amma a ranar bai ce in yanke komai ba. Ni na yanke gargaɗin, na ce ruwa ya sauka kuma ana sa ran zai ci gaba, na danna aka liƙa kiran shuka a ƙarshe. Ina so a ce kamfaninmu ne ya fara faɗa kafin kowa.

A safiyar nan kakana ya fita gonarsa kamar kullum, ya tona, ya shaƙa, ya karkaɗe hannu ya koma gida ya sha kununsa. Ya zauna a zaure yana jiran 'yan aike daga ƙauyuka ya ce musu a dakata. Ba wanda ya zo. Me zai kawo su, bayan sun ji shi da kunnensu a waya yana cewa a fita shuka da sunan Allah? Kafin azahar gonaki sun cika da mutane, maza na sara, mata da yara na zuba iri suna takewa. Ko a ƙauyensu, waɗanda suka ga bai fita ba cewa suka yi ƙila ƙafa ce ta matsa masa, 'ya'yansa za su fita daga baya. Da labari ya iske shi da la'asar ya aika a ce wa na kusa su tsaya, amma iri ya riga ya shiga ƙasa.

Hatsi ya tsiro gwanin sha'awa. Ina wucewa a kan moto ina kallon layuka kore shar ina jin kamar ni na yi ruwan. Daga nan sama ta washe. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku ya kama. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, iska ta zo ta binne shi da rairayi. Wanda bai tashi gidan noma ba ba zai gane me ake nufi da iri ba. Ba hatsin kasuwa ba ne da za a auno. Zangarniya ce da mutum ya zaɓa da hannunsa tun kaka, mafi tsawo da cika, ya ɗaure daban ya sa a ƙuryar rumbu, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa ta. Wani irinsa tun na ubansa ne yake juyawa. Shi ne mutane suka zuba a ƙasa saboda maganata, rana ta cinye.

Sai aka fara tambayar gonar tsoho fa, yaya ta yi. Aka je aka ga ko sara ɗaya babu a cikinta, irinsa yana rumbu lafiya lau. Daga nan magana ta tashi. Aka ce kamfani ya saye shi. Aka ce ya tura talakawa su yi wa Turawan Yamai gwaji da irinsu, shi ya ɓoye nasa. Wani ya ɗauki saƙon ya haɗa da hoton gonar da ba shuka, ya watsa a waya, kafin kwana biyu ya kai har ƙetaren iyaka. Mutumin da in ana raɗin suna shi ake fara kai wa goro, aka yi suna biyu a unguwarsu, sai a bakin mata ya ji. A masallaci ba wanda ya ce masa uffan, amma in ya miƙa hannu sai a ba shi kan yatsu a janye. Duk wannan mahaifiyata ce ke kawo mini labari, tana tambayata wai yaya aka yi muryar babanta ta faɗi abin da bai faɗa ba, ni ko ina ce mata harkar na'ura ce ba za ta gane ba.

Na buga wa darakta a tsorace. Shi ma a tsorace yake, don masu zuba jari sun fara jin ƙishin-ƙishin. Ya ce kada in ce komai, kada in amsa laifi, kada in ba da haƙuri, don ba da haƙuri amsa laifi ne, in jira lauya ya duba a fitar da sanarwa. In an matsa mini in ce kamfani shawara kawai yake bayarwa. Na rufe biro kwana huɗu na ce ba rezo, layin waya ya ɗauke. Da na buɗe, tsohon gidan rediyonmu ya gayyace ni in yi bayani, na je. Mai gabatarwa ya tambaye ni wa ya ce a yi shuka. Edita, a nan na yi abin da har gobe nake neman gafarar Allah a kansa. Na ce kamfani hasashe kawai yake bayarwa, kiran shuka kuwa kowa ya ji daga bakin masana harkar noma ya fito. Ban ambaci sunansa ba, ba na ma bukata. Na fito ina ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Sanarwar Yamai kuwa ta iso bayan kwana goma, shafi biyu da Faransanci, cike da maganar sauyin yanayi, ba kalmar haƙuri ko ɗaya. Na liƙa ta a ƙofar biro, ba wanda ya karanta, akuyar maƙwabta ce ta cinye rabinta.

Ranar kasuwa wani dattijo ya shigo biro. Aminin kakana ne tun suna yara, daga ƙauyen da ke gaba da nasu, kuma yana cikin waɗanda irinsu ya ƙone kaf. Na shirya jin zagi, amma bai ɗaga murya ba. Ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce ɗiyata, bai zo neman komai ba, tambaya ɗaya ce. Shekara da shekaru yana shuka a kan maganar mutumin nan, yana so ya sani kafin ya mutu, shin da saninsa aka yi wannan abu ko kuwa. Na dubi tebur na ce ba a ba ni izinin magana ba. Ya ce to Allah ya ba da izinin, ya ɗauki sandarsa ya fita. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Washegari na kasa zama, na hau moto na tafi ƙauye. Na tarar da mutane a ƙofar gidan kakana riƙe da ƙwarya da buhu. Ashe da ruwa ya dawo, ya sa an buɗe rumbu an sussuke irinsa, yana auna wa waɗanda suka yi asara tiya-tiya. Abin da ya fi ba ni takaici, wasu suna karɓa ba godiya, suna fita suna cewa ai da bai san ya yi laifi ba da bai biya ba. Alherinsa ma ya zama shaida a kansa. Da aka watse na shiga zaure na durƙusa. Ya ɗago ya ce sannu da zuwa ma'aikaciya, an zo lafiya. Tunda na yi wayo ban taɓa shiga zauren nan bai ce amarya ba. Ya ce yana jin ana ta maganar wani saƙo, shi bai taɓa jinsa ba, in kunna masa. Na kunna. Ya kara kunne ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Da aka gama na biyu ya gyaɗa kai ya ce lalle muryarsa ce, ba zai yi wa mutane musu ba. Ya tambaye ni wa ya sa ta a wurin. Har a lokacin bakina bai daina ƙarya ba, na ce na'ura ce ke haɗawa. Ya ce ikon Allah, shi dai bai tuna ranar da na'ura ta zo zauren nan da goro da sukari ba. Ya ci gaba da kakkaɓe tiyarsa. Na fashe da kuka, bai rarrashe ni ba, bai kuma kore ni ba.

Da na koma gida na buga wa darakta na ce zan faɗi gaskiya a bainar jama'a. Ya roƙe ni, ya ce in ƙara haƙuri ana shirin kawo tallafin iri, in na yi magana yanzu zan rusa komai, kuma ba zai iya kare aikina ba. Na ce na ji. Na je wurin maigarin ƙauyen na gaya masa komai, na roƙi ya tara mini mutane. Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar gidansa, har da na ƙauyukan kewaye. Mace ba ta saba tsayawa a irin wurin nan ba, sai aka shimfiɗa mini tabarma a gefe, na zauna na rufe kaina, maigari ya ce a saurara. Ni da nake taƙama da murya, ranar da ƙyar ta fito. Na ce tsoho bai ce a yi shuka ba, bai san an tura ba, ko dala ba a ba shi ba. Na ce na'ura ta yi gargaɗi ni na yanke, ni na danna, ni na je rediyo na jingina masa. Sannan na kunna ainihin abin da na ɗauka ranar nan, wanda ba a gyara ba. Jama'a suka ji ni ina ce masa tsoho ba shi da tabbas, suka ji shi yana cewa na fara shirin takaba, suka ji kalmar shukar, suka ji dariyarmu da carar zakara. Ba wanda ya yi dariya. Aminin nan nasa ne ya fara tashi, ya taka har inda kakana yake zaune, ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe. Sai wasu suka bi bayansa.

Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Akwai waɗanda suka ce 'yan gida ɗaya ne, jika ta ɗauki laifi don ta wanke kakanta. Akwai matar da ta tare ni a hanya ta ce gaskiyata ta yi kyau, amma ba za a dafa ta a ci ba, kuma ban ga laifinta ba. An sake shuka a makare, amfanin shekarar bai yi auki ba, gidaje da yawa samarinsu sun tafi ci-rani tun kafin a gama girbi. Kamfani ya cire muryar daga saƙonninsa, ya kuma kawo irin da ya yi alkawari, sai dai ya iso bayan an yi noman farko. Ni kuwa na mai da moto da makullin biro. Ba na riƙe da darakta a zuciya. Tsoro ne ya sa shi yin shiru, kuma bai san abin da shiru ke nufi a ƙauye ba. Ni na sani, shi ya sa laifina ya fi nasa.

Da damina ta kewayo, ruwan farko ya sauka, na kwana a ƙauye don in gani. Da safe sai ga 'yan aike a ƙofar zaure kamar da, a kan jaki da keke, har da masu waya a aljihu. Na ji sanyi a raina na ce komai ya koma daidai. Kakana ya fita gona, muka bi shi a baya. Ya durƙusa ya tona, ya shaƙa, sannan ya waiwayo ya ce amarya, kawo hannunki. Ya kama hannuna ya cusa a ramin har wuyan hannu, ya ce in ji da kaina inda sanyin ya tsaya. Hawaye suka hana ni ganin ramin. Ya tashi ya ɗauki sungumi ya yi sara, ya zuba iri ya take. Jama'a suna jiran kalmar. Ya ci gaba da sara. Da wani ya ce Baba, a fita ne, sai ya amsa ba tare da ya juyo ba cewa bakin ya riga ya bayar da shi toshi, hannu ne ya rage masa, mai so ya duba hannun. Haka ya yi a wannan shekara, haka ya yi a ta bayanta. Ya yafe mini, ya ci gaba da tsokanata har ciwon ajalinsa, amma kalmar nan bai sake furta ta ba.

Abin da na koya, Edita, shi ne aikin hulɗa da jama'a ba iya magana ba ne, ni da na ɗauka haka ne. Mutanenmu ba daɗin murya suke bi ba. Suna bin wanda in abu ya ɓaci tare za a yi kuka. Kakana ya yi shekaru yana tara yardar nan da irinsa a cikin ƙasa, ni na kwashe ta a hantsi ɗaya na ba waɗanda ba su da ko kunya ɗaya ta shuka a yankin. Ina kira ga matasa 'yan uwana da kamfanonin fasaha ke ɗauka don su yi magana da yawunsu: in na'ura ta ce wataƙila, ku ce wataƙila, ko da mutane za su kashe waya. In za ku ari sunan wani ko muryarsa ko hotonsa, ku zaunar da shi ku faɗa masa dalla-dalla inda za a sa da abin da za a ce, musamman in naku ne da ba zai iya ce muku a'a ba. In kuma abu ya ɓaci, kada ku jira takarda daga babban birni. Ku fita da ƙafarku ku ce mu ne, tun kafin jama'a su nemo wanda za su ɗora wa, domin wanda za su samu kusa shi ne wanda ya fi ku mutunci. Su ma masu kamfanonin su sani, shirun da lauya ke ganin kariya ce, a ƙauye wani ne ke biyansa da fuskarsa.

Yanzu na koma rediyo, ina da aure da 'ya'ya biyu. Na canja waya sau uku tun daga lokacin, kowane karo sai na kwashe abin nan da na ɗauka na mayar a sabuwar. Ban iya saurarensa, ban kuma iya share shi. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, mutanen ƙauyen sukan fita kowa ya tona gonarsa ya yi shawara da zuciyarsa, don ba wanda ya gaji tsoho. Kalmar da suka yi shekaru suna jira daga bakinsa, a duk duniya babu inda ta rage sai a cikin wayata.